Sawun Da Ba Ya Gogewa: Ko Baƙin Ramin Sama Yana Tuna Abin Da Ya Haɗiye?

A ƙasar Musawa, da sauran ƙasashen noma na kudancin Jihar Katsina har zuwa Malumfashi da Funtuwa, idan aka yi ruwa da dare gari ya waye, manomi ba ya bukatar wani ya ba shi labarin abin da ya ratsa gonarsa. Ƙasa ce za ta gaya masa. Ga sawun akuya, ga na jaki, ga inda amalanke ta bi ta gefen kunya. Wanda ya ƙware da bin sawu kuwa har yana iya faɗin ko dabbar tana ɗauke da kaya, ko gudu take yi sa'ad da ta wuce. Amma idan aka je bakin tafki aka jefa dutse, ruwa zai yi igiya ya bazu, jim kaɗan ya kwanta lumui, wanda ya zo daga baya ba zai san an yi jifa ba. Watau ƙasa tana riƙe labari, ruwa kuwa mantuwa gare shi.

To, akwai wata tambaya mai kama da wannan wadda masana ilmin fiziks suka yi fiye da shekara 50 suna fama da ita: shin sararin samaniya halin ƙasa gare shi, ko halin ruwa? Idan wani babban al'amari ya girgiza shi ya wuce, yakan bar sawu, ko kuwa komai yakan koma yadda yake? Kana idan abu ya faɗa cikin abin nan da ake kira baƙin rami, inda ko haske ba ya fitowa, shin akwai alamar shigarsa da takan saura a ƙofa? Amsar da lissafi ya bayar ita ce akwai sawu. Sai dai har yanzu babu na'urar da ta gan shi, kuma a kan wannan ɗan sawu ne wani babban ginshiƙi na ilmin kimiyya ya jingina.

Daga Husufin Rana Aka Fara

Mutanen Jihar Katsina da suka mallaki hankalinsu a shekarar 2006 ba za su manta da ranar Laraba, 29 ga watan Maris ba, sa'ad da wata ya tare rana da hantsi, wajen ƙarfe goma da rabi. A birnin Katsina da Gusau rana ta rufe ɗungurungum na 'yan mintoci, gari ya yi duhu, aka shiga masallatai ana sallar husufi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, irin wannan husufi ne, a nan Afirka ta Yamma, ya fara tabbatar da ilmin da ake magana a kansa.

A watan Nuwamba na 1915 wani masani haifaffen Jamus, Albert Einstein, ya fito da sabon bayani game da ƙarfin ja, watau ƙarfin nan da ya sa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ya ce sarari da lokaci ba fili ne kawai wanda abubuwa suke yawo a cikinsa ba. Su ma abu ne mai lanƙwasuwa, kamar tabarmar da mutum huɗu suka ɗaga aka aza mata dutsen niƙa a tsakiya. Duk abin da aka ɗora a gefe zai gangara wajen dutsen saboda tabarmar ta lotsa. Haka rana ta lotsa sararin da ke kewaye da ita, duniya kuwa tana bin wannan lotsawa ne tana kewaya ta. Idan maganar gaskiya ce, to ko hasken tauraro in ya gitta kusa da rana sai ya karkace.

Ba a ganin taurari kusa da rana sai lokacin husufi. Saboda haka a ranar 29 ga watan Mayu na 1919, wani masanin taurari na Ingila, Arthur Eddington, ya kafa madubin hangen nesa a tsibirin Principe, a cikin tekun da ke kudu da gaɓar Nijeriya, wata ƙungiya kuma ta tafi garin Sobral na ƙasar Brazil. Suka ɗauki hotunan taurari sa'ad da rana ta rufe. Da aka auna sai aka ga hasken ya karkace kusan daidai yadda Einstein ya faɗa. A watan Nuwamba na shekarar aka ba da sanarwa a London, sunan Einstein ya game duniya.

Mene Ne Baƙin Rami?

Wanda yake son ya jefa abu sama ya tafi ke nan ba dawowa, sai ya ba shi gudun da ya wuce kilomita 11 a daƙiƙa guda. Idan duniya ta fi haka nauyi, ko aka matse ta ta ƙanƙance, gudun da ake bukata sai ya ƙaru. Haske shi ne ya fi komai gudu, yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa. To, idan aka tara nauyi mai yawa a ƙaramin wuri har ya zama ko haske ba ya iya kuɓuta, an sami baƙin rami ke nan. Wani Bajamushe, Karl Schwarzschild, shi ya fitar da lissafinsa a 1916, alhali yana aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bisa wannan lissafi, da za a matse rana ta zama baƙin rami, faɗinta ba zai wuce kilomita 6 ba. Duniya kuwa da duwatsunta da tekunanta ba za ta kai girman goro ba.

Irin waɗannan ramuka suna samuwa ne idan babban tauraro ya ƙone makamashinsa ya rufta cikin kansa. Akwai kuma wasu ƙatta a tsakiyar tarin taurari. A ranar 10 ga watan Afrilu na 2019 aka nuna wa duniya hoton farko na inuwar ɗaya daga cikinsu, wanda nauyinsa ya kai na rana sau miliyan 6,500. A watan Mayu na 2022 kuma aka nuna na wanda yake tsakiyar tarin taurarin da rana take ciki, mai nauyin rana miliyan 4. Wanda ya fita fili a Musawa da daren damina in gari ya washe, ya dubi kudu kusa da taurarin nan masu siffar kunama, wajen da ramin yake ke nan yake kallo, ko da yake ido ba ya ganinsa.

Abin da ya fi muhimmanci ga baƙin rami shi ne iyakarsa, wadda za a iya kira iyakar tafiya ba dawowa. Wannan iyaka ba ganuwa ce ta ƙasa ko ta dutse ba. Wanda ya tsallake ta a babban rami ba zai ji ya taɓa komai ba, kamar yadda matafiyi yake tsallake iyakar ƙaramar hukuma cikin daji bai sani ba. Bambancin kawai shi ne ba zai ƙara juyowa ba, kuma saƙonsa ba zai fito ba. Masana suna kwatanta iyakar da tsirkiyoyin haske waɗanda suka yunƙura za su fita, ƙarfin ja ya riƙe su, suka tsaya cak, ba su fita ba, ba su kuma faɗa ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan siffa, domin a jikin waɗannan tsirkiyoyi ne ake cewa sawun yake zama.

Girgizar Da Ta Ratsa Duniya

Tun a 1916 Einstein ya ce idan manyan abubuwa masu nauyi suka yi motsi mai tsanani, shimfiɗar sarari za ta yi igiya, igiyar ta bazu da gudun haske. Duk inda ta ratsa, tazarar da ke tsakanin abubuwa takan miƙe ta wannan gefe ta tsuke ta wancan, sa'an nan ta juya. An yi kusan shekara 100 ana neman wannan igiya ba a same ta ba.

A ranar Litinin, 14 ga watan Satumba na 2015, da ƙarfe 10:50 na safe agogon Nijeriya, lokacin da masara ta nuna a gonakin Musawa, wata igiya ta ratsa duniya. Ba wanda ya ji a jikinsa. Amma wasu na'urori biyu da ake kira LIGO, ɗaya a Livingston ɗaya a Hanford a ƙasar Amurka, sun kama ta. Kowace na'ura tana da bututu biyu masu tsawon kilomita 4, an rataye madubai a ƙarshensu, hasken leza yana kai da komowa yana auna tazararsu. Motsin da aka auna ya fi ƙwayar furoton ƙanƙanta sau ɗaruruwa, ita kuwa furoton ɓangare ce ta cibiyar ƙwayar zarra. Da aka warware saƙon sai aka gane baƙaƙen ramuka biyu ne, ɗaya mai nauyin rana 36 ɗaya mai 29, suka yi ta kewaya juna har suka haɗe suka zama guda mai nauyin rana 62. Ragowar nauyin rana 3 shi ne ya zama igiya ya bazu cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Abin ya faru ne shekara wajen miliyan 1,300 da suka wuce, sai a ranar labarinsa ya iso. An ba da sanarwa a watan Fabrairu na 2016, a 2017 kuma mutum uku daga cikin jagororin aikin suka sami lambar Nobel.

Inda Sawun Yake

Da igiyar ta wuce, sai a zaci komai ya koma mazauninsa kamar ruwan tafki. Amma tun a 1974 wasu masana biyu na Tarayyar Sobiyat, Yakov Zel'dovich da Alexander Polnarev, sun nuna a lissafi cewa ba haka ba ne. A ɗauka an saki tsakuwa biyu a sararin samaniya, nesa da komai, suna shawagi da tazarar kilomita guda a tsakaninsu. Igiya ta zo, tazarar ta yi ta ƙaruwa tana raguwa. Bayan igiyar ta wuce sai su natsu, amma ba a tazarar farko ba. Za a tarar sun ɗan matso ko sun ɗan nisanta, kuma haka za su zauna har abada in ba wani abu ya taɓa su ba. Ba tura su aka yi ba, sararin da ke tsakaninsu ne ya sake. A wajen tsakiyar shekarun 1980 wasu masanan Rasha, Vladimir Braginsky da Leonid Grishchuk, suka raɗa wa abin suna da kalmar da take nufin tunawa, domin kamar sarari ne yake tuna abin da ya ratsa shi.

A 1991 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Girka, Demetrios Christodoulou, ya ƙara gano wani abu. Igiyar kanta tana ɗauke da makamashi, makamashi kuwa yana da nauyi, saboda haka ita ma tana haifar da nata sawun. Ma'anar wannan ita ce duk wata haɗuwa ta baƙaƙen ramuka sai ta bar alama a duk inda igiyarta ta kai. Ke nan idan lissafin Einstein daidai ne, sararin da duniya take ciki cike yake da sawun al'amuran da suka faru tun kafin a yi mutum, wani kan wani, kamar hanyar kasuwa da yamma, inda sawun giwa ya taka na raƙumi.

Rigimar Mantuwa

Me ya sa wannan ɗan motsi da ba a iya gani ya dami masana? Dalilin yana wajen baƙin rami. Tsakanin 1967 da 1975 masana irin su Werner Israel da Brandon Carter da David Robinson sun nuna cewa baƙin ramin da ya natsu abu uku kaɗai ake iya sani game da shi daga waje: nauyinsa, da yadda yake juyawa, da cajin lantarkin da yake ɗauke da shi. Ko da taurari aka gina shi, ko da buhunan masara, in nauyin ɗaya ne to ba a bambanta su. Wani shaihun malami na Amurka, John Wheeler, ya taƙaita maganar da cewa baƙin rami ba shi da gashi, watau an yi masa aski ƙwal-ƙwal, ba wata alama da za a gane shi da ita.

Da farko wannan bai tayar da hankali ba, domin ana cewa labarin abin da ya faɗa yana nan a ciki, ɓoye kawai yake. Sai a 1974 Stephen Hawking na Jami'ar Cambridge ya nuna cewa baƙin rami yana fitar da ɗan tururi a hankali, yana ramewa, har bayan zamani mai tsawon da ba ya misaltuwa ya ƙare ƙurmus. A 1976 ya ƙara da cewa wannan tururi ba ya ɗauke da labarin komai. To, in ramin ya ɓace, labarin abin da ya haɗiye ya tafi ina?

Ma'aikacin ofis zai fahimci nauyin wannan tambaya. Idan fayil ya ƙone, a wajen akawu ya tafi ke nan. Amma a ƙa'idar ilmin kwantam, watau ilmin da yake bayanin ƙananan ƙwayoyin halitta, labarin da ke cikin fayil ɗin bai gushe ba. Yana nan a warwatse cikin toka da hayaƙi da zafin da ya tashi, kuma da za a sami mai iya tattara su duka ya bi baya, da ya karanta abin da aka rubuta. Wannan ƙa'ida, cewa halin da abu yake ciki yau yana riƙe da labarin jiya, ita ce aka gina ilmin kwantam a kanta, shi kuwa ilmin kwantam da shi aka ƙera rediyon zamani da kwamfuta da wayar hannu. Idan baƙin rami yana shafe labari ɗungum, to ɗayan biyu ne: ko lissafin Einstein yana da giɓi, ko na kwantam. Hawking ya yi shekara kusan 30 yana kan cewa labarin yana halaka, har suka yi caca ta raha da wani masani, John Preskill. A 2004, a wani taro a birnin Dublin, ya fito fili ya ce ya faɗi. Amma amsa laifi ba ya nuna inda aka ajiye kaya, domin ba a san ta wace hanya labarin yake tsira ba.

Rajista A Bakin Ƙofa

A nan ne maganar sawu ta shigo. A 1962 Hermann Bondi da abokan aikinsa, da kuma Rainer Sachs, sun gano cewa sararin da ba komai a cikinsa ba hali ɗaya gare shi ba, yana da halaye marasa iyaka, duk makamashinsu ɗaya, amma tsarinsu ya bambanta. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin wasan lissafi kawai. Sai a 2014 Andrew Strominger na Jami'ar Harvard da Alexander Zhiboedov suka nuna cewa sawun nan na Zel'dovich shi ne alamar sarari ya tashi daga ɗaya daga cikin halayen nan ya koma wani.

A watan Janairu na 2016 Hawking da Strominger da Malcolm Perry suka kai wannan tunani bakin baƙin rami. Suka ce idan abu ya tsallake iyakar tafiya ba dawowa, tsirkiyoyin hasken nan da suke tsaye a kan iyakar sukan gusa da juna, wasu su matso wasu su nisanta, kuma ba sa komawa yadda suke. Bayan ramin ya natsu, nauyinsa da juyawarsa za su iya zama daidai da na wani ramin, amma tsarin iyakarsa ya sake bisa ga abin da ya shiga da kuma gefen da ya shigo. Suka kira wannan gashi mai laushi, domin ba shi da makamashin da za a auna. Ke nan askin da Wheeler ya ce an yi, wanzami bai gama shi ba. Misalinsa kamar ofis ne wanda duk fayil ɗin da ya shiga ba ya fitowa, amma akwai rajista a bakin ƙofa inda ake rubuta shigarsa. Hawking ya rasu ranar 14 ga watan Maris na 2018, kuma takardarsa ta ƙarshe a kan baƙin rami, wadda abokan aikinsa suka fitar a watan Oktoba na shekarar, a kan wannan gashi take.

Wasu sun ci gaba da aikin. Robert Wald na Jami'ar Chicago da ɗalibansa sun tsara lissafin yadda sawun yake zama a kan iyaka. A 2022 kuma shi da Daine Danielson da Gautam Satishchandran suka nuna wani abin mamaki. A ilmin kwantam ƙaramar ƙwaya tana iya kasancewa a wuri biyu lokaci guda, muddin ba abin da ya lura da ita. Suka nuna cewa in aka yi wannan gwaji a wajen baƙin rami, ko da ƙwayar ba ta faɗa ciki ba, ƙarfin janta yakan bar alama a kan iyaka, alamar kuwa ta ishe ta tilasta wa ƙwayar zama a wuri ɗaya. Kamar dai ramin yana ɗaukar bayanin abin da ke kewaye da shi.

Amma fa ba duka masana suka gamsu ba. A 2017 Raphael Bousso da Massimo Porrati suka ce wannan ba gashi ba ne, hular gashi ce ta aro, wadda ake iya cirewa a lissafi ba tare da komai ya sake ba, saboda haka ba ta isa ta fitar da labari daga rami ba. Su kansu Hawking da abokansa ba su ce sun warware matsalar ba, cewa suka yi sun sami bakin zare. Rajista takan nuna fayil ya shiga, amma ko tana ɗauke da duk abin da ke cikinsa, wannan ita ce gardamar da ba a gama ba.

Neman Shaida

A ilmin kimiyya lissafi mai gabatar da ƙara ne, gwaji shi ne alƙali. Ba mai iya zuwa bakin baƙin rami ya duba, saboda haka matakin farko shi ne a ga sawun a nan kusa. Wahalar ita ce madubin LIGO a rataye suke, in an gusa su sai su koma, kuma na'urar ba ta jin motsi mai nawa saboda girgizar ƙasa da ta motoci da ta teku. Abin da take iya kamawa shi ne ɗan lokacin da sawun yake ginuwa, shi kuwa ƙaramin kashi ne na igiyar. Dabarar da masana na Jami'ar Monash ta Ostareliya suka kawo ita ce a tara al'amura da yawa a haɗa su, kamar yadda ake tara shaidu. A 2020 suka ƙiyasta cewa sai an sami wajen 2,000. Zuwa shekarar 2025 an kama kusan 300.

Duk da haka iyakar baƙin rami ta fara amsa tambaya. A 1971 Hawking ya ce in ramuka biyu suka haɗe, faɗin iyakar sabon ramin ba zai gaza jimlar na biyun ba. A ranar 14 ga watan Janairu na 2025 aka kama wata igiya wadda ta fi duk na baya fitowa sarai. Aka auna aka ga iyakokin biyu kafin haɗuwa sun kai murabba'in kilomita 240,000, watau kusan faɗin Jihar Katsina sau 10, bayan haɗuwa kuwa sabuwar iyakar ta kai wajen 400,000. Maganar Hawking ta tabbata bayan shekara 54.

Akwai sauran hanyoyi biyu. A watan Janairu na 2024 hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ta amince da aikin LISA, kumbo uku da za su yi shawagi a sarari da tazarar kilomita miliyan 2.5 a tsakaninsu, ana sa ran harba su wajen 2035. Su ba rataye suke ba, kuma za su ji haɗuwar ƙattan ramuka, waɗanda sawunsu ya fi girma. Hanya ta biyu ita ce lura da wasu matattun taurari masu aiko da siginar rediyo a kan lokaci kamar agogo. In sawu ya ratsa tsakaninsu da duniya, bugun agogon zai sake. Ɗaya daga cikin manyan na'urorin wannan aiki tana Afirka ta Kudu, sunanta MeerKAT, mai faranti 64, wadda aka buɗe a 2018.

Ina Rabon Ƙasar Nan?

Mai yiwuwa ma'aikacin da yake lissafin kuɗin taki da na gyaran hanya ya ce me ya haɗa talaka da baƙin rami. Irin wannan tambaya aka yi wa lissafin Einstein a 1915. Yau kuwa taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ma'aikatan safiyo suke shata filaye da su, direba kuma yake neman hanya da su a wayarsa, agogonsu yana wuce na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, daidai yadda lissafin ya faɗa. Da ba a gyara wannan ba, kuskuren zai kai wajen kilomita 10 a yini guda. Ilmin da ake ganin ba shi da amfani yau, jikoki ne suke cin moriyarsa.

Ƙasashen Afirka sun fara shiga. Ghana ta mai da wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama na'urar sauraren taurari a 2017. A watan Agusta na 2024 aka yi babban taron masana taurari na duniya a Cape Town, karo na farko a nahiyar. Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003, tana kuma da cibiyar nazarin taurari a Nsukka, amma ba ta cikin ƙasashen Afirka takwas da suka yi tarayya da Afirka ta Kudu a babban aikin na'urar SKA.

Sai dai akwai abin lura. Zel'dovich da Christodoulou da Hawking ba su gano abin da suka gano da madubin hangen nesa ba, da alƙalami da takarda suka yi aiki. Bayanan da LIGO take tarawa kuwa ana sakin su a intanet kyauta ga duk mai so. Ɗalibin da ya fito daga Musawa ya shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko ta Ahmadu Bello a Zariya, abin da yake bukata shi ne tushe mai ƙarfi a lissafi tun daga firamare, da malamin da ya san aikinsa aka kuma biya shi a kan kari, da wutar lantarki, da kwamfuta. Waɗannan kuwa a ofisoshin ilmi da na kuɗi ake yanke shawararsu. Ƙasar Katsina ba baƙuwar lissafi ba ce. Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafi a kan tsara lambobi cikin hatimi, har yanzu masana tarihin lissafi suna ambatonsa.

Idan aka harba LISA a 2035 kamar yadda aka shirya, yaron da yake aji ɗaya na sakandare a yau zai kasance ya gama digirinsa na farko sa'ad da saƙonninta za su fara isowa. Masana na duniya za su zauna su bi sawun, su ga ko sarari yana tuna abin da ya ratsa shi. Ko za a sami ɗan ƙasar nan a cikinsu, wannan ya dogara ga abin da ake koya masa a aji bana.